Wai zomo ba ya shiga keji da kansa da dare sai an kamo shi?

Baban Yara: Salam jama'a. Akwai maganar da nake so mu warware yau. Ana ta cewa wai zomo ana koya masa shiga keji da magariba kamar kaza, ni nace ƙarya ne. Kaza ce in rana ta faɗi take neman akurki da kanta, zomo kuwa lokacin ne ma yake fara tsalle-tsalle. Na yarana ana sakinsu tsakar gida bayan la'asar su sha iska, amma mayar da su sai anyi gumi, wannan ya shige bayan randa wancan ya shige ƙarƙashin mashin, ga liman ya tada sallah. Ni a ganina ko dai a barsu su kwana a tsakar gida tunda akwai katanga, ko a damƙo su ta kunne a jefa ciki kowa ya huta. Hausawa ma sunce zomo baya kamuwa daga zaune.

Mai Zomaye Zariya: Wa alaikumus salam. Baban Yara rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma ita zata ƙarar maka da zomaye. Eh, zomo da magariba da asuba yafi kuzari, da rana tsaka kwance yake yana lumshe ido. Amma ai wannan ne zai taimake ka, don lokacin ne yake neman abinci da gaske. In na canka daidai yaranka tun la'asar suke bin su da ganyen kabeji da karas a tsakar gida, toh zomon da ya ƙoshi a waje me zai je yi cikin keji?

Baban Yara: Hhhh kamar kana gidan. Har da ɓawon kankana ake basu

Mai Zomaye Zariya: Ka gani ko. A daina basu komai na kwaɗayi a waje. Harawa da ruwa su zauna cikin keji kullum, ƙofa a buɗe, duk mai so ya shiga ya ci. Sannan abin da suka fi so, dusa ce ko ganyen dankalin Hausa ko ɗan karas, ba'a bada shi sai lokaci ɗaya kuma sai a cikin keji. Ka samu gwangwanin madara ka zuba ƴan tsakuwoyi ko ƙwayar abincinsu ka dinga kaɗawa kafin ka zuba, mutum ɗaya, lokaci ɗaya, sauti ɗaya. Farko-farko in sun shiga kar kayi saurin bugo ƙofa, ka barsu su ci su nutsu tukuna, in ba haka ba zasu gane tarko ne. Nawa yanzu ina zaune kan kujera nake kaɗa gwangwani suna zuwa, to ka ga daga zaune ake kama su.

Ɗan Maraɗi: Ni hwa ban gane wannan wahala ba. Mu a garinmu zomaye a ƙasa suke, su gina raminsu su shige su hito, ba wanda ka kulle su, kuma suna haihuwa. Zomon daji ma wa ka kulle shi da dare? Allah ka tsaronai. Ku mutanen birni komi sai kun sa mai kwaɗo.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Yaya Ɗan Maraɗi, zomon daji da kake gani da na gida ba jinsi ɗaya bane sam. Namu na daji baya haƙa rami, kwanciya yake a cikin ciyawa, ƴaƴansa ana haifarsu da gashi idonsu a buɗe, kuma gudu ne makaminsa. Na gida kuwa asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, mai haƙa rami ne, ƴaƴansa tsirara suke zuwa ba gashi, ido a rufe har wajen kwana 10. Irin su New Zealand White da Chinchilla da ake sayarwa yanzu ma sun ƙara nauyi, basu da gudun da zasu tsere wa kare. Wanda yake da rami a ƙauye aƙalla yana da wajen ɓuya, amma na Baban Yara akan siminti suke, ina zasu shiga in muzuru ya diro?

Ɗan Maraɗi: To ai shi na ce, a basu ƙasa su gina

Maman Biyu: Malam Ɗan Maraɗi ka taɓa ganin ramin zomo da damina kuwa? Mu a gidanmu na da an gwada, uwar ta haƙa ta bi ta ƙarƙashin katanga har ta ɓulla gidan maƙwabta, ranar da akayi ruwa mai ƙarfi ramin ya cika, sai wari ne ya gaya mana akwai ƴaƴa a ciki. Kuma in suna rami baka san nawa aka haifa ba, baka san wanne ne bashi da lafiya ba, sai dai kaga suna raguwa kace aljanu. Ga mai gidan haya in yaga an fara gina masa gindin katanga ai sai notis.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Wajen haƙa kam ba'a raina su. A Ostiraliya a 1859 wani ya saki zomaye 24 don farauta, kafin wani lokaci suka cika ƙasar har gwamnati ta ja shingen waya mai tsawon gaske daga 1901 don tare su, kuma basu taru ba.

Baban Yara: Toh naji batun rami. Amma katangata doguwa ce ga gilas a sama, ba kare a gidan. Meye zai taɓa su?

Mai Zomaye Zariya: Muzuru baya tambayar tsawon katanga. Gafiya ta kwata take shigowa, maciji ta rariya, mujiya ta sama, tunku ma in kana bakin gari. Kuma abin da mutane basu sani ba, ba lallai sai an kama zomo zai mutu ba, firgici kaɗai ya isa, zai ta gudu yana buga kansa da bango cikin duhu, da safe ka tarar dashi a miƙe ba rauni ko ɗaya kace mayu ne. Banda mai ƙafa biyu, wanda shi gilas ɗin ma ya saba dashi.

Kawu Na Sakkwato: Ku tsaya, duk kunata maganar muzuru ba wanda yayi maganar zafi. Ku zo Sakkwato a watan Afrilu ko Mayu ku kulle zomo cikin kejin langa-langa da magariba ku gani. Rana ta wuni tana dukan kwano, zafi ya haura 40, ƙarfen nan har sha biyun dare baya hucewa. Wlh wanda zafi ya kashe a nan yafi wanda kyanwa ta ci. Ni da bazara a waje nake barin manyan, kuma ina tare da Baban Yara akan wannan.

Baban Yara: Yauwa Kawu, Allah ya ƙara girma. Na samu mai goya min baya

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Kawu maganarka akwai gaskiya, zomo baya gumi kamar mu, ta kunnuwansa da numfashi yake fitar da zafi, da zarar zafi ya wuce 30 ya fara wahala, namijin ma ƙarfin barbararsa raguwa yake da bazara. Amma da girmamawa, laifin kejin ne ba na kullewar ba. Kullewa daban toshewa daban. Gefe-gefen ya zama raga iska na ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa, a ajiye shi a inuwar darbejiya ko rumfa ba jikin bangon da rana ke duka ba, a shimfiɗa zana ko buhun algarara akan kwanon. In zafi yayi tsanani a jiƙa buhu a rataya ta gefen da iska ke shigowa.

Kawu Na Sakkwato: Ɗana, buhun da ka jiƙa a nan kafin ka gama alwala ya bushe

Maman Biyu: Hahaha Kawu. Ni fasasshen tulu nake sa musu, in jiƙa shi da yamma su kwanta a jikinsa. In an samu wuta kuma gorar ruwa mai ƙanƙara. Amma ni abin da yasa ba zan taɓa barin mace a waje ba shine shayarwa. Zomanya ba kamar akuya bace da ɗa ke binta, sau ɗaya ko biyu take shiga ta basu nono a kwana guda, ƴan mintuna kawai, kuma yawanci cikin dare ne ko da asuba. In ka kulle keji uwar tana waje don ta gagare ka kamawa, toh ƴaƴan sun kwana da yunwa kenan, in da hunturu ne ma sanyi ya gama da su kafin gari ya waye. Cikinta wata ɗaya ne kacal, kwana 31 haka, mutum bai ankara ba sai yaga ta fara tuge gashin ƙirjinta tana haɗa sheƙa, daga nan ni bana ma sakinta.

Ɗan Maraɗi: Wannan kam gaskiya ta, Hajiya. Na yarda da na mai ɗiya

Baban Yara: To saura batun kunne. Tun muna yara ta kunne ake ɗaukar zomo, a kasuwa ma haka masu sayarwa ke ɗago shi su nuna maka. Yau kuma ace haramun ne?

Mai Zomaye Zariya: Mai sayarwa minti biyu zai riƙe shi ya karɓi kuɗinsa, kai ne zaka zauna dashi. Zomon da ake damƙa ta kunne kullum shine wanda in ya hango mutum yake shigewa bayan randa, kai da kanka kake koya masa gudu sannan kace baya jin horo.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Kuma ba tsoro kaɗai ba. Kunnen nan guringuntsi ne da jijiyoyin jini, ba'a yi shi don ɗaukar nauyin jiki ba. Ƙafafun bayansa suna da ƙarfi sosai amma ƙashin bayansa bashi da ƙwari, in yana reto a sama ya harba da ƙarfi zai iya karya gadon bayansa, sai kaga yana jan ƙafafu, kuma wannan ba kasafai yake gyaruwa ba. In dole sai an ɗauka, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya ya tallafi ɗuwawu, ka manna shi a jikinka. Yara kuma gara su zauna a ƙasa su riƙe shi akan cinya. Sannan don Allah kar wani ya ɗauki maganar Malam na Zariya yace zai hana su abinci duk wuni don su shiga da dare. Cikin zomo so yake kullum yana aiki, haƙoransa ma basa daina tsiro sai da tauna suke gogewa. Zomon da ya kai awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, wannan na likita ne.

Mai Zomaye Zariya: Shi yasa nace harawa kullum tana nan. Kwaɗayin kawai ake ja wa rai.

Kawu Na Sakkwato: In ɗaya ya ƙi shiga fa? Kullum akwai tsohon namiji mai taurin kai

Mai Zomaye Zariya: Sau da yawa ba taurin kai bane Kawu, wani ne a ciki yake cizonsa. Maza biyu da suka balaga basa kwana keji ɗaya, har marainan juna suke cizo. Ka raba musu ɗaki kaga ko zai shiga. In kuma kejin na warin fitsari ko ƙasan ragar na cin ƙafarsa, shima zai ƙi, a sa masa ɗan katako ya dinga hutawa a kai. Wanda ya rage a waje kar a bishi da gudu, mutum biyu su ɗau faifan katako ko tabarma su dinga rage masa fili a hankali har ƙofa ta zama ita kaɗai ce hanya.

Maman Biyu: Ku ƙara da kwarkwasa da damina, ita ba ruwanta da sakata. Ƙafafun kejin a cikin gwangwani nake sawa da ɗan baƙin mai, kuma kar ciyawa ko igiya ta taɓa jikin kejin don ta nan suke hawa. Ragar ma a sa mai ƙananan ido, mai faɗin nan ta kaji ɓera na shiga ya ci ƴaƴa.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Tunda ana maganar saki a tsakar gida, duk wanda ya sayo sabo a kasuwa ya ware shi sati biyu zuwa wata kafin ya haɗa da nasa. A 2020 cutar nan mai sa zomaye zubar jini ta ɓulla a Kwara da Oyo ta kashe da yawa, har a takalmi da kwanon abinci ana ɗaukarta.

Admin: Likita wannan mu bar shi zuwa wani zaman, kar mu bar maganar dare.

Baban Yara: Toh gwangwani zan gwada, kunne kuma zan hana yara. Amma batun bazara har yanzu ina bayan Kawu, ban ga yadda zan kulle dabba cikin wannan zafin ba.

Kawu Na Sakkwato: Ni dai nawa sai ruwan farko ya sauka zasu koma ciki. Wanda yake Zariya ko Jos baya gane abin da muke faɗa.

Mai Zomaye Zariya: Kawu in dai sai sun kwana a ƙasa, aƙalla ka kewaye musu wuri da raga har sama, ka binne gindinta a ƙasa saboda haƙa. Iska zata shiga, muzuru ba zai shiga ba.

Kawu Na Sakkwato: Ka san kuɗin bandir ɗin raga yanzu kuwa? Ka turo min kuɗin sai in kewaye har da saman gidan