Tambaya kan JS-K da enzayim ɗin GST

Assalamu alaikum malamai, daga Katsina. JS-K, wani maganin daji da ake gwaji a kansa, yana sakin kwayoyin NO (iskar nitric oxide) biyu idan glutathione (wani sinadarin kariya da ke cikin kwayoyin halitta) ya kama shi, kuma cikin nau'o'in enzayim ɗin GST (glutathione S-transferase), GSTA1 da GSTM1 suna hanzarta aikin fiye da GSTP1. A gwajin, an narkar da JS-K a DMSO (sinadarin narkarwa), an zuba cikin ruwan fosfet mai pH 7.4 (ma'aunin tsami) a zafin digiri 37, ana auna naitrait, abin da NO ke komawa, da gwajin launi na Griess a tsawon zangon haske na nanomita 540. Matsalar ita ce kwalbar da babu enzayim tana ba da naitrait kusan daidai da mai enzayim, don glutathione kaɗai ma yana kwance maganin. A sauko da pH zuwa 6.5 ne, ko a rage glutathione? Kuma shin glutathione yana dusashe launin Griess? Don Allah a taimaka.