Ɗalibaina na hadda da waya: in hana su ko in bar su?

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum. Ina koyar da hadda a ruwayar Warsh, amma yanzu kusan kowane yaro na sauraron karatu a wayar mahaifiyarsa, kuma yawancin manhajojin da Hafs suke buɗewa. Na biya wa yaro "Maliki yaumid din", washegari ya dawo min da "Maaliki", har da jan mim. Lambar aya ma ba ta zo ɗaya ba: ƙidayar Kufa da Hafs ke bi 6,236 ce, ta Madina da ke cikin mus'hafinmu 6,214. In na ce a buɗe aya kaza, sai kowa ya kama gabansa. Iyaye kuwa sai murna, wai yara sun waye. Malamai, yaya kuke yi?

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka hana, don ko ka hana a aji, a gida za su ci gaba. Ni iyayen na tara, na sauya musu ruwayar da hannuna, na zaɓa musu makaranci guda. Husari ya karance Alƙur'ani da Warsh, kuma a natse yake karatu, yaro na iya binsa. Cibiyar Sarki Fahad da ke Madina ma na buga mus'hafin Warsh. Sharaɗina ɗaya: waya ta tilawa ce kawai, ƙarin karatu daga bakina yake fitowa.

Ɗalibin Ilimi:
Allah ya gafarta Malam, akwai manhajar Tarteel, tana saurarenka ta nuna maka kalmar da ka tsallake. Ni ta taimaka min sosai wajen muraja'a, wato bitar hadda.

Abu Sumayya:
Na gan ta, ɗana. Tsallake kalma ai shi ne mai sauƙi. Wa zai gyara wa yaro taƙlili, wato ɗan karkata fataha zuwa kasra, ko tausasa ra'i da kaurara lamu irin na Warsh? Waɗannan sai an ji daga bakin malami, an maimaita a gabansa, ya ce "sake". Shi ya sa har yau ijaza, wato izinin karantarwa da malami ke bayarwa, da sanadi take tafiya, mutum daga mutum.

Malama Ummu Hanan, na karɓi shawararki, Allah ya saka da alheri. Sai dai iyayen da ba sa zuwa taro fa, ta ina kika biyo musu?