Idan sanyi ya kai haka, me ke ɓata kubit?

Ɗalibi daga Marwa:
Assalamu alaikum malamai. Ina shekara ta uku a sashen fiziks, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. Kubit ɗin (ƙwayar da ke riƙe bayani a kwamfutar kwantam) da ake ƙerawa da alminiyam ana ajiye shi ne a firij mai sanyin milikelbin 15, wato dab da ƙarshen iyakar sanyi, inda lantarki ke gudana ba tare da turjiya ba. To me ya sa bayanin da ke cikinsa yake watsewa kafin ƙiftawar ido? Ƙara sanyi ba zai magance matsalar ba?

Malami a Ngaundere:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sanyin ya riga ya yi nasa aikin, domin alminiyam yana daina turjiya tun daga kelbin 1.2, kuma kubit mai mitar gigahaz 5 ba ya buƙatar fiye da abin da firij ɗin ke bayarwa. Ɓarnar tana fitowa ne daga jikin kayan. Tsatsar da ke kwanciya a saman ƙarfe da kan silikon tana ɗauke da ƙananan aibobi masu tsotse kuzarin kubit, su gajarta lokacin da yake riƙe kuzarinsa, wanda ake kira T1. Shi ya sa a 2021, da masu bincike a Jami'ar Firinston suka koma ga ƙarfen tantalam, wanda yake jure wanki da asid mai ƙarfi, sai T1 ya haura maikurosakan 300. A ganina gyaran kayan ya fi kowace dabara tasiri a yanzu.

Injiniya a Garwa:
Malam ya yi gaskiya, amma kada a manta da zanen da'irar kanta. Kubit na farko da aka gwada a kamfanin NEC na Japan a 1999 nanosakan kaɗan yake riƙe bayani, saboda hayaniyar caji. Sai a 2007 aka fito da sabon zanen kubit mai suna tiransimon a Jami'ar Yel, aka haɗa babbar kafasita (ma'ajiyar caji) da mahaɗar Josephson (siririn shinge tsakanin ƙarafa biyu marasa turjiya), hayaniyar ta daina kama shi sosai.

Ɗalibi daga Marwa:
Na gode. Na kuma ji ana maganar hasken nan mai ɗauke da ƙwayoyi masu ƙarfi (cosmic rays) da ke saukowa daga sararin samaniya.

Malami a Ngaundere:
Haka ne. Wannan haske yana tsinka tagwayen elektron ɗin da ke ɗaukar lantarki ba tare da turjiya ba, kuma bugu ɗaya kan taɓa kubit da yawa a lokaci guda, abin da ke wahalar da tsarin gyaran kuskure. An gwada garkuwar darma, an kuma kai da'ira ƙarƙashin dutsen Giran Saso a Italiya, inda bugun ya ragu sosai. Ka fara fahimtar bambancin T1 da T2 (lokacin da kubit ke riƙe daidaiton kaɗawarsa) kafin ka shiga nan.