Jiragen yaƙi masu ɓuya wa rada: inda gardamar ta tsaya

Da aka tafka muhawara kan wanne ya fi tsakanin F-22 da F-35 na Amurka, J-20 na Sin da Su-57 na Rasha, shawarar da ta rinjaya ita ce a daina auna su da gudu ko iya wulƙawa a sama. Su-57 gwani ne a bikin baje kolin jirage, amma yaƙin yau daga nesa ake yin sa, wanda ya riga hango abokin gaba shi ke fara sakin makami.

An kuma ja kunne kan alƙaluman da ake yaɗawa na yadda kowane jirgi ke bayyana a rada, wato na'urar hango jirage daga nesa. Ƙasashen ba sa faɗin gaskiyarsu. A lokacin zaman lafiya ma akan ɗaura wa F-35 wasu 'yan ƙananan na'urori a gadon baya da ƙasan ciki, masu sa rada ta gan shi da gangan, don kada a gane sirrinsa. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai yanke hukunci daga hoto ya yi hattara.

Wasu suka ce a duba yawa da kulawa. Yawan F-35 da aka ƙera ya haura 1,000, F-22 kuwa tun 2011 aka daina ƙera shi, kuma fentin da ke shanye igiyar rada kullum cikin gyara yake.

Ɓuyar ma tana da iyaka: a 1999 sojojin Sabiya sun kakkaɓo F-117, wani jirgin Amurka mai ɓuya wa rada, da tsohon makamin Tarayyar Sobiyet.