Ƙafa ba ta motsi amma tana jin taɓawa: me kuka gani?

Ɗalibar likitanci: Assalamu alaikum. A makon jiya aka nuna mana yankan laka, wato babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, a aji, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa jijiyar jini guda ɗaya tak, wadda ke bin tsagin gaban lakar, ita ce ke ciyar da kusan kashi biyu cikin uku nata, alhali bayanta yana da jijiyoyi biyu. Ina roƙon waɗanda lalurar gaban laka ta shafa, ko suka yi jinyar mai ita, su faɗa mana abin da suka gani da idonsu.

Mai jinya: Wa alaikumus salam, Malama. Yayana ya yi haɗarin mota, ƙashin bayansa ya karye ya danne lakar ta gaba. Ƙafafunsa biyu suka mutu, amma idan ya rufe ido na lanƙwasa masa babban yatsa, yakan faɗi daidai ko sama na yi da shi ko ƙasa. Wannan ya sa muka ɗauka jinsa lafiya lau yake, har ranar da na tsoma masa ƙafa cikin ruwan zafi ban gwada ba, fatar ta yi bororo, shi kuwa bai ce uffan ba. Likita ya bayyana mana cewa hanyar da ke kai saƙon zafi da ciwo zuwa ƙwaƙwalwa ta gefen gaba take bi, ita kuma ta sanin inda gaɓa take ta baya take bi, shi ya sa ta tsira. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma ba na zuba masa ruwa sai na gwada da gwiwar hannuna.

Tela: Allah ya ba Yaya lafiya. Nawa daban ne, domin shan inna ya kama ni ina ɗan shekara 3. Likitan gashin ƙashi ya zana mini cikin lakar kamar malam-buɗe-littafi, ya ce ƙwayoyin da ke fukafukan gaba su ke ba tsoka umarni, kuma su kaɗai cutar ta kashe. Ƙafata ta hagu ta shanye ta sirance, amma cizon sauro da zafin rairayi duk ina jin su sarai, kuma da ta dama nake taka keken ɗinki.