Neman shawara: huɗubar Juma'a bayan an zubar da jini a gari

Sabon Liman: Assalamu alaikum malamaina. Rikici ya ɓarke a unguwarmu ranar Talata, an rasa rayuka, an ƙona shaguna. Matasa sai maganar ramuwa suke. Jibi zan hau mumbari. In yi shiru a kan abin, ko in taɓo shi? Ta ina zan fara?

Malam Na'ibi: Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. Kada ka yi shiru. In jama'a ba su ji daga bakinka ba, za su ji daga bakin mai zuga. Amma rubuta huɗubar kalma da kalma, kada ta wuce minti 15. A yau waya ke ɗaukar magana, a yanke daƙiƙa 30 a watsa a WhatsApp, don haka duk jimlar da za ta zama wuta in an cire ta ita kaɗai, goge ta. Fara da ta'aziyya, ka kira kisan da sunansa, zalunci, ka nemi hukuma ta kamo masu laifi. Sannan ka kawo Ma'ida aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci, da An'am aya ta 164, wani ba ya ɗaukar laifin wani. Wannan ta biyun ita ce amsar mai son ramawa a kan ɗan kasuwar da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Kada ka ambaci ƙabila ko addinin waɗanda ake zargi, kada ka faɗi adadin mamata sai wanda aka tabbatar. Hujurat aya ta 6, mai umarnin a tantance labari kafin a yi aiki da shi, ta hau kan liman kafin kowa.

Hajiya Malama: Akaramakallah, haɗarin ya fi yawa bayan sallama, lokacin da ɗaruruwan matasa ke fita tare da zafin zuciya. Tun daren Alhamis ka zauna da shugabanninsu, ka bar su su amayar da abin da ke ransu. Ranar Juma'a a tsayar da dattawa biyu-biyu a kowace ƙofa, a hana kowa karɓar lasifika bayan salla. Gawa kuma kada a zaga da ita gari, daga sallar jana'iza sai maƙabarta.

Abu Hafsa: In za ka yi alƙunutu, Annabi (SAW) ya yi wata guda yana yinsa bayan kisan mahaddata a Bi'iru Ma'una, shekara ta 4 bayan hijira. Roƙi Allah ya yi maganin azzalumai, kada ka haɗa al'umma guda a addu'ar, domin mai cewa amin zai ɗauka ka ba shi izini. Ka kuma kira fasto na kusa da ku kafin Juma'a, ku daidaita saƙo, abin da ka faɗa shi ma ya faɗa ranar Lahadi.

Hajiya Malama: Na manta: kuɗin tallafi mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a karanta wa jama'a mako mai zuwa. Kowane gida da abin ya shafa a ba shi, ba tare da tambayar inda yake ibada ba.