Babi na biyu ya tsaya: ina zan samo manazarta a kan cinikin gyaɗa?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a agaza. Furojet ɗina a kan cinikin gyaɗa ne a Kano zamanin Turawa. Na kai babi na biyu, malamin da ke duba aikin ya dawo min da shi, ya zagaye kusan rabin manazartar da jan biro, wai a ina na gan su. Duk abin da nake samu a Google hotunan dalar gyaɗa ne da tarihin Alhassan Dantata, shi ma kowane shafi maganar ɗan'uwansa yake maimaitawa.

Ɗan Fagge: Wa alaikis salam. Ki koma Google Scholar, sashen Google na neman littattafai da maƙalun masana. Littafin da za ki fara nema shi ne na Jan Hogendorn, Nigerian Groundnut Exports, wanda maɗaba'ar ABU Zariya ta fitar a 1978. In ya fito, ki danna "Cited by" a ƙarƙashinsa, za ki ga jerin waɗanda suka kafa hujja da shi daga baya. Manazartarsa ta ƙarshen littafi kuma ta kai ki ga na gabansa. Littafi ɗaya mai kyau ya isa ya buɗe miki hanya gaba da baya.

Abban Sadiq: Duk wannan wahalar ta mece ce? Ki tambayi ChatGPT ya jero miki manazarta ashirin, kafin ki sha shayi ya gama.

Yaya Bilki: Haba Abban Sadiq, so kake a sake zagaye mata da jan biro? Yakan ƙirƙiri maƙala da sunan farfesan gaske da mujallar gaske, har da lambar shafi, alhali ba a taɓa rubuta ta ba. Ƙanwata, duk abin da ya ba ki, ki liƙa taken a Scholar, ko ki sa lambar DOI ɗin, wato lambar shaidar maƙala a intanet, a doi.org. In bai fito ba, ki watsar.

Abban Sadiq: Ni dai yana min amfani.

Yaya Bilki: Wajen ba ka kalmomin bincike ko warware Turanci mai tsauri, na yarda. Ban da manazarta.

Malamin Laburare: Ummi, tambayar malaminki ita ce gaba ɗaya maganar. Kada ki sa wa aikinki littafin da ba ki buɗe da hannunki ba. Abin da muke gani kullum shi ne ɗalibi ya ɗauko kundin wani na bara ya kwashe manazartarsa, shi ma na baran daga na bara waccan ya kwaso, kuskuren shekara ko na suna ya yi ta yawo ana gadonsa. In dole sai a bakin wani kika ji maganar, ki rubuta cewa wane ne ya ruwaito daga wane, ba aibu ba ne.

Ga misali a cikin batunki. Wani zai ce jirgin ƙasa ya zo Kano a 1911, wani ya ce 1912. Wanda ya tsaya a shafin intanet sai ya zaɓi ɗaya ya wuce. Wanda ya bi sawu zai tarar layin dogon ya iso a 1911, a 1912 aka buɗe shi ga jigilar kaya da mutane. To, don cinikin gyaɗa, ta biyun ce ta shafe ki, kuma in kin bayyana haka a layi biyu malaminki ya san kin yi karatu.

Sannan aikin tarihi ba ya ƙarewa a waya. Ki je Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ki nemi fayilolin lardin Kano, waɗanda ake wa lamba KANOPROF, da na sakateriyar Arewa masu lamba SNP. Rahoton shekara-shekara na Razdan da na Di'o-Di'o masu kimanta haraji suna maganar amfanin gona da farashi. Ki tafi da takardar gabatarwa daga sashenku da katin makaranta. Lambar fayil kuwa ki rubuta ta tun kafin ki buɗe shi, don wanda ya dawo gida da bayani ba lamba sai ya sake biyan kuɗin mota. Tunda kina Kaduna ki leƙa Arewa House, tsohon gidan Sardauna, akwai kundayen digiri da tsofaffin jaridu.

Ummi: Malam, Allah ya saka da alheri. Amma rahoton Bature ai son ransa zai rubuta, ko?

Malamin Laburare: Zai rubuta abin da ya dame shi, wato haraji da yawan kayan da aka yi lodi. Manomin da ya karɓi bashi a hannun ɗan baranda bai dame shi ba. Ki ɗauki alƙalumansa, ki nemi ɗaya ɓangaren a Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, da kuma bakin dattawan da suka yi aikin awo ko dako. Hira ma madogara ce, in kin rubuta sunan mutum da shekarunsa da wuri da ranar hirar.

Ɗan Fagge: Na intanet ban gama ba. Ki buɗe asusu a JSTOR, rumbun maƙalun mujallun ilimi, kyauta ne, ana barin mutum ya karanta wasu maƙalu a allo duk wata. Mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya tana ciki. Sai AJOL, na mujallun Afirka. Ki kuma tambayi sashen intanet na laburarenku ko makaranta ta biya kuɗin wasu rumbunan, sau da yawa akwai lambar sirri a ajiye ba mai tambaya.

Yaya Bilki: 'Yan fannin lafiya da ke karanta mu shiru, ku naku rumbunan su ne PubMed da Hinari.

Maman Hanifa: Ni gargaɗina a kan mujallun 'yan kasuwa ne. Da kin ga mujalla ɗaya ta haɗa tarihi da haɗa magunguna da lissafin kuɗi a fitowa guda, tana kuma alƙawarin buga maƙala cikin mako in an biya, to ba wanda ya tace komai. Lambar ISSN da ake ba mujallu ba shaidar inganci ba ce, rajista ce kawai. Ki duba ranar da aka karɓi maƙalar da ranar da aka amince da ita, yawanci suna shafin farko. In kwana huɗu ne tsakani, kin san zancen.

Ɗan Fagge: Amma Anti, Scholar ma yana kawo irin waɗannan fa.

Maman Hanifa: Yana kawowa mana, shi tarawa yake yi, ba ya tankaɗe. Sai ki duba ko mujallar tana DOAJ, jerin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, ki kuma nemi sunan marubucin a shafin jami'ar da ya ce yana aiki.

Abban Sadiq: To Wikipedia fa? Ita ma haramun ce?

Malamin Laburare: Ka karanta, ka gangara ƙasa ka kwashi manazartar, ka je ka duba su. Ita kanta kada ta shiga jerinka. Masu sayar da furojet kammalalle a intanet ne ban yarda ko a leƙa ba, kundi ɗaya suke sayar wa mutum da yawa, Turnitin, manhajar gano satar rubutu, kuma yana kamawa.

Ummi: Na fahimta. Wasu manazartar ma ban tuna inda na samo su ba, sai dai in cire.

Yaya Bilki: Ki cire. Daga yau ki sa Zotero a kwamfutarki, kyauta ne, duk abin da kika karanta ki jefa ciki da lambar shafi, shi zai tsara miki su a salon da sashenku ke so. Kaduna kuma ranar aiki za ki je, kuma da sassafe, don fito da fayil yakan ɗauki lokaci.

Ummi: To Yaya. Litinin in sha Allahu zan shiga ofishin shugaban sashe neman takardar.